DARASI: TAFKIN MAGA DA ABIN DA YAKE KOYA WA BAFATAKEN SHANU

'Yan'uwa fatake, darasinmu na wannan fitowa a kan tafkin da ɗan Adam ke yi da hannunsa ne a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Wani zai ce, to ina ruwan mai saye da sayar da shanu da wurin kamun kifi? Ai kuwa da ruwanmu, har tsundum. Bari mu ɗauki Maga, a lardin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, gabas da Marwa.

A shekarar 1979 aka gina madatsar Maga. Bango ne na ƙasa mai tsawon kilomita 27, yana tare ruwan da ake janyowa daga kogin Logon da na rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara. An yi shi ne don noman shinkafa na hukumar SEMRY. Masunta kuma suka samu abin yi: ga karfasa, ga tarwaɗa, ga giwan ruwa, ana yin banda ana kaiwa kasuwanni. Baƙi masu yawon buɗe ido su ma suka riƙa shiga kwalekwale don kallon dorina da tsuntsaye. Wannan duk alheri ne, ba mu musu.

Amma a lura, ruwan tafki ba sabon ruwa ba ne. Ruwan wani wuri ne aka riƙe. Arewa da madatsar akwai babbar fadamar nan da Fulani ke kira yayre. Can da, kowace damina Logon kan cika ya malale ta, in ruwa ya janye sai ɗanyar ciyawa irin su burugu ta fito, makiyaya daga Kamaru da Nijeriya da Nijar su yi kiwon rani a kanta. Da aka yi madatsar tare da bangon da ya bi gaɓar kogin, ga kuma fari na shekarun 1980, sai ambaliya ta daina kaiwa wani babban yanki. Ciyawa mai saiwa, wadda kan sake tohowa bayan an ƙona, ta mutu. Wadda ta maye gurbinta kuwa da wuri take bushewa. Sai a 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa, ambaliya ta koma wani sashe, ciyawar kirki ta fara dawowa sannu a hankali, shanu suka biyo ta.

To, me za mu ɗauka?

Na farko, ƙibar sa a watan Maris tun daga ambaliyar Satumba take farawa. Kafin mu ɗaure kuɗi mu nufi kara irin ta Bogo, mu tambaya: bana ruwa ya malale yayre kuwa? In bai malale ba, ramammu za mu tarar.

Na biyu, ruwan da ke kwance gidan katantanwa ne, ita ce ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Dabbar da ta daɗe a bakin tafki a duba ta da kyau, a nemi likitan dabbobi, kada sai a mayanka mahauci ya dawo mana da magana.

Na uku, mashaya ba tamu kaɗai ba ce. A 2021, a yankin Logon-Birni, rikici ya ɓarke tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa, kan ramukan da ake haƙawa don tare ruwa da kifi, shanu na faɗawa ciki. An rasa rayuka, dubban mutane suka tsere zuwa Cadi. Saboda haka mu ja kunnen yaranmu masu kora: in an iso bakin ruwa a fara gaida sarkin ruwa, a tambayi inda ake shayarwa, kada garke ya taka taru ko gonar shinkafa. Asarar rabin yini wajen zagaye ta fi asarar garke sauƙi.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya.