Ranar da Ba a Sa Ta a Kalanda Ba

'Yata, na ji labarin hankalinki ya tashi, wai wani mai wa'azi a waya ya sa ranar da duniya za ta tashi. Zo ki zauna. Ba a kanki aka fara ba.

A Amurka, a 1844, mabiyan wani manomi mai wa'azi, William Miller, sun tsayar da 22 ga Oktoba a kan ranar dawowar Yesu Almasihu. Wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba. Gari ya waye, ga sanyi na tafe, ga rumbu wayam. A 2011 kuma wani mai gidan rediyo, Harold Camping, ya ce 21 ga Mayu. Mutane suka kwashe ajiyarsu suka zuba a allunan shela. Daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure, amma kuɗin bayin Allah bai dawo ba. Ban ce mugaye ba ne, zumuɗi ne ya yi musu yawa. Sanin gaibu sai Allah. A Matiyu sura 24, Yesu ya nuna ko mala'iku ba su san ranar ba, balle mai riƙe da waya.

Yesu zai dawo kam, shari'a kuma tana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, shiri dole ne. To amma wane irin shiri? Ki buɗe sura 25, inda Sarki ke ware tumaki da awaki. Ba lissafin shekaru ake dubawa ba. Mayunwaci ne, kin ba shi abinci? Baƙo ne, kin sauke shi? Majinyaci da ɗan kurkuku, kin leƙa su? Abin da ke burge ni, waɗanda aka yaba wa ma ba su san Ubangiji suke yi wa hidima ba. Tausayi ya riga ya zame musu jiki.

Kada fa ki ɗauka da kwanon tuwo ake sayen ceto. Bulus ya gaya wa Afisawa kyauta ce ta alherin Allah, ta wurin bangaskiya. Wanda ya karɓa, hannunsa kan buɗe da kansa.

Can a Tasalonika ma wasu sun ajiye aiki suna zaman kashe wando, Bulus ya ce su koma neman abincinsu. Shi kansa ɗinkin tanti yake yi. Don haka gobe ki koma kan keken ɗinkinki, masu kaya na jira. In kin tashi, ki biya ta gidan gwauruwar nan ta bayan coci da ɗan kunu, ƙafa ta hana ta fitowa sujada.