Yadda ake buɗe wasan ces da salon Italiya

Wasan 'yan koyo ba ya cika kaiwa ƙarshe cikin mutunci. Sau da yawa tun a zubin farko ake yin ɓarnar, kuma a gida ɗaya: f7, inda dakaren baƙi yake tsaye ba mai tsaronsa sai sarki shi kaɗai. Buɗewar Italiya, wadda Gioachino Greco ya yi nazarinta tun ƙarni na 17, a kan wannan gida ta sa ido.

Mai fari ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, zuwa e4. Mai baƙi ya tare shi da e5. Sai fari ya fito da doki zuwa f3, yana barazanar cin dakaren nan, baƙi ya kare shi da dokinsa a c6. Daga nan bishof na fari ya hau c4, ya yi saitin f7.

A nan hanya take rabuwa. Idan baƙi ya kai bishof ɗinsa c5, wasa ya lafa: fari ya ajiye dakare a c3, wani a d3, sannan ya ɓoye sarkinsa, wato sarki ya matsa gida biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta tsaya a gefensa. Shi ke nan, gida ya ginu.

Amma idan baƙi ya fito da doki f6, fari yana iya cilla dokinsa g5, su taru da bishof a kan f7. Galibi baƙi yakan toshe da d5. Fari ya ci dakaren. Ɗan koyo, da zafin rama ci, sai ya kama da dokin f6, fari kuwa ya sadaukar da doki a f7, ya jawo sarki tsakiyar fili. Abin da ya fi shi ne baƙi ya haƙura da dakaren, ya kai ɗaya dokin a5 ya kori bishof.

Masu gaggawa kan fito da sarauniya h5 tun a tafiya ta biyu, suna neman kisa a ta huɗu. A ganina cacar banza ce. Baƙi ya kare e5 da doki a c6. Bishof na zuwa c4, baƙi ya tura dakare g6. Sarauniya ta koma f3, ya toshe ta da doki a f6. Dawakansa biyu sun fito, na fari suna barci a gida.