Ki fara sanin itacen kafin ki turara ƙanƙara

'Yata, na ji kina son gwada ƙanƙarar nan da ake turarawa da hayaƙi, irin wadda ake yi a Amurka. Can galibi a barasa suke jefa ta, amma ke zoɓonki da ruwan tsamiyarki sun ishe ki. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Na tashi na ga iyayenmu suna kifa randa a kan kasko su turara ta kafin su zuba ruwa, mutanen Makka da Madina kuma da ƙaron mistika suke turara tulunansu, musamman da azumi.

Hayaƙi ya fi kama abu mai sanyi da laima, shi ya sa da ƙanƙara ake farawa. Ki tafasa ruwan tukuna, ya huce, ki daskarar da shi, don hayaƙi ba ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Sai ki juye ƙanƙarar a farantin ƙarfe mai faɗi, ki ajiye gefen garwashi, ki kifa babbar tukunya ta rufe su duka, ki ɗan ɗaga bakinta da dutse don iska. Minti 15 zuwa 20 ya isa a gwajin farko. A tsakar gida za ki yi, kada ki kuskura ki shiga ɗaki da shi, don garwashi yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.

Inda na fi so ki natsu shi ne wajen itace, domin duk abin da ya ƙone, shi za ku sha. Su can Amurka suna sa itacen tuffa, ko wani da suke kira meskit, wanda dangin ƙiryarmu ne. Ƙirya tana da ƙarfi, guntu kamar ɗan yatsa a kan garwashin ya wadatar. Busasshen reshen gwaiba ko na lemo ya fi ta sauƙi. Tumfafiya da bini-da-zugu kuwa dafi gare su. Katako mai fenti ma ki nisance shi, haka turaren wutar ɗakinki, tunda an jiƙa shi da man turaren da ba a yi don ciki ba. Ranar da na fara yi, da kananzir na hura gawayin, ga baƙi sun zauna, sai da na zubar da zoɓon tulu guda.

Ki dubi hayaƙin da idonki. Siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi ake so. In ya turnuƙe fari fat, ɗaci zai bar miki a maƙogwaro, ki jira ya lafa.

Idan ƙanƙarar ta narke, ki tace da farin ƙyalle, ki ɗanɗana. Ya yi ƙarfi? Ki sirka da tafasasshen ruwa. Sai ki sake daskarar da shi, amma kada ki cika mazubin har baki, ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare. Ki rufe shi ruf a firiza, in ba haka ba komai na ciki zai ɗauki ƙauri.

A ganina ƙanƙarar ta fi dacewa da zoɓo mai citta da kanumfari. Kunun aya kam ki ƙyale shi, hayaƙi danne masa garɗi yake yi. Ki sa ƙwaya ɗaya tak a kofi, sauran su zama farar ƙanƙara, domin tana narkewa ƙamshin yana ƙaruwa. Kofin farko ke za ki shanye shi har ƙasa kafin ki miƙa wa maigidanki nasa.