Kafin Ka Sayi Wata Ƙwaƙwalwar Mota

Gidaje da yawa a Badawa tsohuwar Sienna, Sharon ko Hiace ce ke kai musu yara makaranta, ita ce kuma ke ɗauko cefane. Da ta fara shaƙewa ko ta ƙi tashi, sai ka ji an ce ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone. Sau da yawa ƙalau take, ƙaramin abu ne ya hana ta aiki.

1. Fara da batir. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 in mota tana kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana kunne. Da wuta ta yi ƙasa sai ƙwaƙwalwar ta rikice, fitilu su cika dashbod. Kankare tsatsar kan batir, ka ɗaure wayar da ta haɗa shi da jikin mota tamau.

2. Kar a cire kan batir inji yana aiki. Har yau wasu masu rewaya haka suke gwada altaneta, dabarar zamanin Fijo 504, wadda ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta ƙone. A motarka, wutar da ke tashi a wannan lokacin tana iya zama ajalin ƙwaƙwalwar. Mai walda ma kar ya taɓa bodi sai an cire batir, kuma in za a jona maka wuta, tsaya ka ga ja ya hau ja.

3. Leƙa fiyus da wayoyi. Fiyus ɗin da aka naɗe da zaren waya ba ya kare komai, a sauya shi da mai lamba ɗaya. In motar ta daɗe a ajiye, nemi aikin ɓera.

4. A sa mata kwamfuta, amma ka rubuta lambar matsalar da ta nuna. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai ramuka 16, galibi kusa da sitiyari. Kar ka bari a goge lambar kafin ka ɗauka. Ita layin da ke ciwo take nunawa, ba ta ce a sayi kaya ba, don tsinkakkiyar waya ma tana sa a zargi sansa.

5. Raba ta da ruwa. In ruwan Agusta ya cika layi, zagaya. A wurin wanki kuma a bar fesa wa inji ruwa da ƙarfi. Wadda ta jiƙe, a cire batir a bar ta ta bushe kafin a murza makulli.

6. In har sai an saya, tafi da tsohuwar. A kasuwar Ƙofar Ruwa kama ba ta wadatar, sai lambar da ke jikinta ta zo daidai. Mota mai makullin tsaro kuwa ba za ta tashi ba sai an haɗa sabuwar da makullin, don haka ku yi ciniki har da wannan aikin, da sharaɗin mayarwa in ta ƙi.