Darasin Gyaran Jiki: Kankare Fuska da Aska, Amfaninsa da Haɗarinsa

 

'Yar'uwa, mun saba da dilka da halawa da kurkum. To yanzu wani salo ya shigo shagunan gyaran jiki na Fagge da Sabon Gari, wanda Turawa ke kira damafilenin, wato a sa aska siririya irin ta likitoci a kankare saman fatar fuska. Kafin ki miƙa fuskarki, ga abin da ya kamata ki sani.

Yadda ake yinsa

Fatar mutum takan sabunta kanta cikin kimanin kwana 28, matacciyar ta taru a sama. Mai gyara takan ja fatar, ta kwantar da askar, ta bi a hankali tana ɗebe matacciyar fatar tare da gashin nan mai laushi na kumatu. Fuska takan yi santsi, hoda ta zauna sosai. Amma fa gyara ne na ɗan lokaci, bayan mako uku zuwa huɗu komai ya dawo. Ba ya sa fari, ba ya maganin kuraje. Maganar cewa gashin zai dawo da kauri kuwa ba haka ba ne, binciken da Mildred Trotter ta yi a Amurka a 1928 ya nuna aski ba ya ƙara wa gashi kauri.

Me shari'a ta ce?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mas'ud (R.A.) tsinuwa a kan mai yin namsu da wadda ake yi wa. Malamai da yawa sun fassara namsu da tsige gira, wasu kuma suka ce ya haɗa gashin fuska duka. Imamu Nawawi ya ware macen da gemu ko gashin baki ya fito mata, ya ce an so ta cire. Saboda haka gira dai kada aska ta kusance ta, sauran kuma ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Sannan mace ce za ta yi miki, kuma da sanin maigida.

Inda haɗarin yake

1. Aska. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a kan ƙarfe, ko da jinin ya bushe. Ɗan yanka kaɗan ya isa. Shafa turare ko sifirit ba ya wadatarwa. Sabuwa za a ɓare a gabanki, a jefar bayan an gama. Kada kunya ta hana ki tambaya, domin abin da kika ɗauko har maigida da jariri yana iya shafa.

2. Man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Da yawansu suna sa fata ta yi siriri, rauni ya daɗe bai warke ba. Mai irin wannan fata ta nisanci aska gaba ɗaya.

3. Kuraje, makero ko ƙyasbi. Aska tana fasa su ta yaɗa cutar, kuma fatarmu ta baƙaƙe takan bar baƙin tabo a duk inda aka ji mata ciwo.

Bayan an gama

Ki shafa man kaɗanya ko wani mai marar turare, musamman lokacin hunturu. Ki guji zafin rana, kuma kada ki bi da dilka ko lemon tsami har sai bayan mako guda. Idan kin ga kumburi ko mugunya, ki nufi likitan fata, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba wai ki koma kasuwa neman wani man ba.

Uwargida, yi wa miji ado ibada ce, amma jikin nan amana ne a hannunki. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu dace, amin.