Ɗaukar Lauya Bayan An Ji Rauni A Wurin Da Mai Shi Ya Yi Sakaci

Darasi domin Hakimai da malamansu na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

1. Irin kukan da a ke kawowa

Ba a rasa ranar da za a kawo wa Hakimi, watau Uban Ƙasa a faɗar Sakkwatawa, kukan wanda ya ji ciwo a wurin wani. Ko katangar laka ta sha ruwan damina ta faɗa wa mai wucewa, ko yaro ya auka wata rijiya marar murfi a garkar albasa, ko kuwa injin casar shinkafa da ba a kange ba ya kama hannun wanda ya kawo casa. Galibi sai a ce ƙaddara ce, a yi jaje a watse. Gaskiya ne kome da ƙaddara ya ke, amma wannan bai kankare hakkin da ke wuyan mai sakaci ba. Hakimi ba shi da ikon yanke irin wannan shari'a, amma a ƙofarsa maganar ta kan fara sauka, abin da aka yi kuwa a kwanakin farko shi ke sa hakki ya samu ko ya salwanta.

2. Hukuncin Shari'a

Littattafan Malikiyya, irin su Muhtasar na Halilu, waɗanda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da su tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, sun yi bayanin wannan al'amari. In bango ya karkata, aka yi wa mai shi gargaɗi, ya kuwa sami sararin gyarawa bai gyara ba, to, abin da bangon ya ɓata lamuninsa na wuyansa. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da izni ba shi ma zai biya. Amma wanda ya haƙa rijiya cikin mallakarsa domin wata bukata ta halal, ba da nufin cutar kowa ba, asali babu lamuni a kansa. Ashe ke nan gargaɗi da shaidun gargaɗi su ne ginshiƙin ƙara, kuma kawo shaida nauyin mai ƙara ne.

3. Ƙa'idar Babbar Kotu

Babbar Kotu ta na bin ƙa'idar da aka gada daga Ingila, wadda ta kasa masu shiga wurin wani kashi 3. Na farko shi ne wanda ya zo domin hulɗar da mai wuri ke amfana da ita, kamar mai sayayya. Wajibi ne a kiyaye shi daga haɗarin da mai wuri ya sani, ko ya kamata a ce ya sani. Na biyu shi ne wanda aka yarje wa shiga kawai, kamar baƙo. Wannan sai a faɗakar da shi kan ɓoyayyen haɗarin da aka sani. Na uku shi ne mai kutse, hakkinsa kaɗan ne, amma duk da haka ba a ɗana masa tarko. Alhaki ya na kan wanda wurin ke hannunsa, sabo da haka wani lokaci ɗan haya za a nema, ba mai gida ba. In kuwa wanda ya ji raunin shi ma ya yi ganganci, a kan rage masa diyya gwargwadon nasa laifi.

4. Yaushe a ke bukatar lauya?

A zamanin En'e, sa'ad da aka naɗa Ahmadu Bello Sarkin Rabah a 1934, lauya ba ya shiga kotun alƙali. Yanzu ba haka ba ne, lauya ya kan tsaya wa mutum har a kotunan Shari'a waɗanda Jihar Sakkwato ta kafa a 2000. Duk da haka ba kowane rauni ke bukatarsa ba. Ƙaramin ciwo tsakanin maƙwabta sulhu ya fi masa, a biya kuɗin magani zumunci ya ɗore. Amma lalle ne a nemi lauya in an rasa rai ko gaɓa ta nakasa, ko in wurin na kamfani ne ko na hukuma, ko kuwa in an kawo wata takarda an ce mai rauni ya sa hannu ya karɓi kuɗi. Sau da yawa irin takardar nan ta yafe dukan sauran hakki ce. Wanda ya ji ciwo a bakin aikin da aka ɗauke shi kuma ya na da tasa hanya dabam, ta dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010.

5. Wa'adin wata 3

Wannan shi ne babin da ya fi kowane muhimmanci. Dokar kare ma'aikatan Gwamnati ta ce ƙarar da za a kai a kan abin da suka yi, ko suka ƙi yi, a bakin aikinsu, sai a shigar da ita cikin wata 3. Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 cewa kariyar nan ta haɗa har da hukumomin kansu. Wuraren hukuma kuwa su na da yawa a ƙasar nan: makarantu da asibitoci da rumfunan kasuwa, da kuma madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, ta na hannun hukumar Tarayya mai kula da gulaben Sakkwato da Rima. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Abin lura shi ne zaman sulhu ba ya tsai da lissafin wa'adi. Ga misali, in aka shafe wata 4 a na je ka ka dawo a zauren Hakimi, a na iya korar ƙarar kome ƙarfin shaidarta. Sabo da haka a nemi lauya tun makon farko, sa'an nan a ci gaba da neman sulhu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Zaɓen lauya da ladansa

Lauya na gaskiya shi ne wanda ya gama Makarantar Lauyoyi, aka rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli. Takardun da ya ke sa wa hannu su na ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, da sunansa da lambarsa. A je ofishinsa a gani da ido, a kuma guji dillalin da ke bin majinyata a asibiti ya na alkawarin dukiya. Maganar lada a ƙare ta a rubuce tun farko. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda a shirya cewa lauya zai ɗauki wani kashi daga diyyar in ta samu, muddin kashin bai wuce kima ba. A bayyana kuma wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara da na motar shaidu zuwa Sakkwato. Lauya ba shi da ikon karɓar sulhu sai da yardar mai ƙara.

Wanda ba shi da hali ya nufi Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa masu neman diyyar haɗari, in samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka tsayar naira 70,000 a wata a 2024.

7. Aikin malamin Hakimi

Lauya ba ya ƙirƙiro shaida, abin da ya tarar da shi ya ke aiki. Don haka ran da kuka ya iso, malami ya rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani. Ya binciko ko an taɓa yi wa mai wurin gargaɗi, da wanda ya yi, da waɗanda ke nan. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a cike ramin ko a ta da bangon. Ko da za a kai mai karaya wurin maɗori, a fara kai shi asibiti likita ya rubuta abin da ya gani, a kuma adana kowane rasit, gama kotu ba ta mayar da kuɗin magani sai wanda aka tabbatar. In sulhu ya yiwu, a rubuta abin da aka biya da abin da ya saura, a karanta wa kowa a gaban shaidu.

Daga ƙarshe, ya kyautu masu unguwa su zaga kafin damina, su yi wa masu karkatattun katangu da buɗaɗɗun rijiyoyi gargaɗi a gaban shaidu 2, malami ya shigar a littafi. In an gyara, an tsirar da rai. In an ƙi, shafin nan shi ne abu na farko da alƙali da lauya za su tambaya.