Tsakanin Dutse da Teku: Jihar Bahar Maliya ta Sudan da Hanyar Alhazan Ƙasar Hausa

Wanda ya dubi taswirar Jihar Bahar Maliya, a arewa maso gabashin Sudan, zai iya zaton yawancin mutanenta masunta ne. Alhali ƙabilun Beja, wato Hadandawa da Amarar da Bishariyin, makiyayan raƙuma da awaki ne, kuma hankalinsu yana kan duwatsun da suka yi wa gaɓar teku katanga ta yamma, domin daga tudu ruwan da ke rayar da su yake gangarowa. Tokar ta isa misali. Kogin Baraka yakan taso daga tsaunukan Eritiriya tsakanin Yuli da Satumba, ya malale fadama, ya bar laka, sannan ya ƙafe. A kan wannan laka ake noman dawa da gero, da kuma audugar da aka shigo da ita a shekarun 1860, zamanin mulkin Masar. Shekarar da kogin bai kawo ba, sai yunwa.

Biranen gaɓa kuwa, baƙi ne suka raya su. Sawakin, wadda aka gina gidajenta da dutsen murjani, ta shiga hannun Turkawan Usmaniyya a ƙarni na 16, ta zama matattarar fataken Hijaz da Indiya. A kewayenta ne Usman Digna ya jagoranci Hadandawa suka gwabza da sojojin Ingila a 1884. Da Turawa suka fara gina Port Sudan a 1905, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci, sai kasuwa ta tashi, gidaje suka soma rushewa.

Sai dai alhazai ba su daina bi ta nan ba, kuma wannan ne ya shafi mai nazarin Hausa. Maniyyacin da ya baro Kano ko Damagaram da ƙafa, a wannan gaɓa tafiyar ƙasa take ƙare masa. Mai guzuri ya haye zuwa Jidda. Wanda nasa ya ƙare ya kama dako ko ƙodago, wani har ya yi aure ya zauna, ana kiransa Takari. Binciken Mark Duffield na 1981 a kan Mai Wurno da na Bawa Yamba na 1995 a kan Wad Madani duk sun tsaya ne a gefen Shuɗin Nilu, inda maƙwabcin Bahaushe Balarabe ne. A gaɓa kuwa har da Beja, masu harshen da ya haɗa babban dangi ɗaya da Hausa, wato Afro-Asiya, ko da yake nasu na reshen Kushi ne, namu na Cadi. Saboda haka Hausar Sawakin da Tokar ta cancanci a naɗe ta daga bakin tsofaffi, a tantance aron da ta yi daga Larabcin Sudan da wanda ta yi daga Beja.